An Yi wa Waƙata Aski

Alƙalai a Tirana sun zaɓi waƙata ta wakilci Albaniya a gasar ƙasashen Turai. Waƙar makoki ce irin ta ƙauyenmu, mace ɗaya tana ja, sauran suna amsawa. A bakin mahaifiyata na koye ta.

Da na koma ɗakin naɗar sauti, na tarar Dritan, jami'in gidan talabijin, ya riga ya yi mata aski. Ya cire amshin matan, ya cusa ganguna, ya mayar da baitocin zuwa Turanci.

Ya kira sunana, ya ce, "Bujar, dokar gasar minti uku ce." Ya ƙara da cewa, "Kuma a waje ba a zaɓen kuka."

Na ce, "To uban wa ya hana ku zaɓi ta rawa tun farko? Kun tafa wa kukan uwata a gida, za a fita waje kun ji kunyarta."

Ranar Lahadi ina shan kofi a wurin tsohuwata, aka sako sabuwar waƙar a rediyo. Ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Kashe wannan hayaniyar, ɗana. Yaushe za su sa taka?"