Ƙwallon Taura da Zazzaɓin Kulu

Barira ta riƙe jakar ƙaninta Garzali, ta ƙi saki.

"Na ga kwalbar da idona. Maganin zazzaɓi ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, Yaya."

"To ba ni ɗaya. Jikin Kulu kamar garwashi."

Garzali ma'aikaci ne a wani ɗakin gwajin magunguna a Zariya. Ya zo gida Toranke ne neman ƙwallon taura. Daga cikinsa suke fitar da wani danƙo mai haɗe garin magani ya zama ƙwaya, ko a huta da wanda ake kawowa daga Ingila. Ƙwayoyin da ke kwalbar da wannan danƙon aka yi su, ya kawo ne ya nuna wa mahaifinsu aikinsa.

"Ba a gama gwada su ba," ya ce. "Ɓeraye muke ba tukuna. Wasu cikinsu ya kumbura, har yanzu ba mu gano dalili ba."

"Taurar da muke sha tun muna yara?"

"Garinta muke sha, Yaya, ba ƙwallon ba."

Barira ta saki jakar. "Ɓera ya samu, 'yata ba ta samu ba."

Maganar ta soke shi. Ya dubi yarinyar a kan tabarma, leɓɓanta a bushe. Mai yiwuwa ƙwayar ba za ta yi mata komai ba. Amma shi ya buɗe cikin ɓerayen da hannunsa.

Ya ari keken maƙwabcinsu Tukur, ya goya Kulu da zanen uwarta, ya nufi Ajingi da rana tsaka. Inda yashi ya yi yawa sai ya sauka ya tura, numfashinta mai zafi yana dukan wuyansa. Yana tafe yana tunanin abin da zai ce wa Barira idan ya makara.

A ɗakin shan magani aka yi mata allura. Kafin la'asar gumi ya karyo mata, ta ce, "Kawu, ruwa."

Da suka dawo, Barira ta karɓi 'yarta, ta shafa goshinta, ba ta ce masa sannu ba. Can ya ji ƙarar dutse a bayan ɗaki. Ya leƙa, ya tarar da ita zaune tana fasa ƙwallon taura.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wannan zai ishe ku, ko in ƙaro?"