Hoton Doreen a Kowane Allo

Manhajar da Silvanus ya rubuta wa 'yan kasuwar citta na Kwoi ba ta aiki sai a kwamfutarsa. Madam Hellen, shugabar ofishinsu a Kafanchan, ta gaji.

"Ka gina mana kwamfuta a cikin kwamfuta, irin taka sak, kowa ya kwafa," in ji ta. "Kada ka bar komai."

Silvanus akwai bin umarni. Bai bar komai ba.

Da ma'aikata suka kunna, manhaja ta tashi lafiya lau. Hoton Doreen, ƙanwar Madam, shi ma ya cika kowane allo, da rubutu a ƙasa: "Amaryata da yardar Ubangiji."

Madam ta cire tabarau ta dube shi.

"Aiki ya yi kyau. Yaushe iyayenka za su zo gaisuwa?"