Rantsuwar Kyaftin Hashimu

Hashimu akwai kafiya, Allah ya sani. Shi ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon kwando na Matamaye, kuma ba wanda ya taɓa riga shi zuwa fili. Daga sallar asuba sai ya zarce, ya share fili da kansa, ya yi jifa ɗari biyu kafin saura su gama mutsuttsuka ido. Wannan kam a yaba masa. Amma bakinsa, sai a hankali.

Da kaka ta yi, Ɗahiru, dogon nan da ke tsaya musu ƙarƙashin kwando, ya yi sati guda bai zo fili ba, yana ƙauyen Tsauni yana taya babansa cirar gyaɗa. Ran da ya dawo, Hashimu ya tsare shi gaban kowa.

"Wallahi tallahi, a bana ƙwallo ba za ta bar hannuna zuwa naka ba."

Ɗahiru ya ce, "Yaya, tsoho ne ba lafiya." Hashimu ya juya masa ƙeya.

To, ga inda abin ya ɓaci. Ran Asabar wani mai horarwa ya zo daga Damagaram zai ɗauki ɗan wasa ɗaya, kuma kowa ya san don Ɗahiru ya zo. Babansa kuwa ya riga ya yanke magana: in ba a ɗauke shi ba, ya bi 'yan ci-rani zuwa Kano.

A ranar suka kara da 'yan Kance, wasa ya yi zafi. Hashimu ne mai rabon ƙwallo, sai Ɗahiru ya yini hannu sama kamar mai shanya. Saura sakan huɗu, 'yan Kance na gaba da maki ɗaya, ga Ɗahiru shi kaɗai ƙarƙashin kwando. Hashimu ya gan shi sarai. Hannunsa har ya motsa, rantsuwar ta faɗo masa. Ya cilla ƙwallon daga nesa, ta bugi ƙarfen kwando ta dawo. Mai horarwa ya tafi da wani ɗan Kance.

Washegari Malam Yunus na masallacin unguwa ya gaya wa Hashimu cewa da ya karya rantsuwar, kaffarar marar hali irinsa azumin kwana uku ce. Kwana uku kacal, jama'a. Nadama ta hana shi cin abinci.

Ya iske Ɗahiru a tasha, ya riga ya shiga motar Kano. Ya zo da niyyar neman gafara, amma Ɗahiru ya riga shi magana.

"Yaya, kada ka damu. Na san a irin wannan lokaci ba za ka tuna da wata rantsuwa ba. Ba ka gan ni ba ne kawai."

Direba ya tada mota. Hashimu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka ne."