Haƙorin 'Yar'azumi

Shekara bakwai Shu'ibu ya yi a Kano yana yi wa wani Balaraben Sham aikin haƙoran tangaran. Zamanin ne na Turawa, ana tara gyaɗa kamar ba za a mutu ba. Ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa a Malam Madori, jaki biyu ya ɗauko masa kayansa zuwa Haɗeja: 'yar tanda mai aiki da kananzir, kwalaben garin tangaran, da kujerar da ke kishingiɗa. Ya buɗe shago a bakin kasuwa, ya zauna. Wata uku ba wanda ya buɗe masa baki sai don hamma.

Mutanen gari sun riga sun yanke hukunci cewa haƙoran matattu yake cusa wa masu rai. Wasu ma har sun san maƙabartar da yake tonowa. Kananzir ya kusa ƙarewa, kuma Shu'ibu ya san in kaka ta wuce haka, sai dai ya sayar da kujerar ya koma jan koma a kogi. Abin da yake nema bai wuce baki ɗaya ba, wanda kowa zai gani.

Sai Allah ya jefa tsakuwa cikin shinkafar innarsa.

Inna 'Yar'azumi ita ce maguɗiyar gari. Ba a kai amarya sai ta toshe hanci ta rangaɗa, kuma rabin daɗin guɗar kallon haƙoranta ne, waɗanda furen taba da goro suka rina jawur tsawon shekara arba'in. Tsakuwar ta karya ɗaya na gaba, biyu bisa ukunsa ya tafi. Tun daga ranar ta rufe baki da gefen mayafi, ta daina dariya, ta ce wa masu biki mura take yi. Shu'ibu ya yi mata jaje da baki, amma a zuciyarsa, Allah ya yafe masa, murna ce fal.

Sai da ya kwana huɗu yana lallashi kafin ta hau kujerar, bayan ya rantse tangaran ɗin na kwalba ne. Ya goge guntun haƙorin, ya ɗauki siffarsa da kakin zuma, ya gina masa hula ta tangaran, ya gasa. Sannan ya shafa ruwan ƙyallin da ke toshe duk wata kafa, ya sake gasawa yadda maigidansa ya koya masa. Haƙori ya fito fari fat, sumul. Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, har idonsa ya kawo ruwa.

Inna ta dubi madubi ta daɗe.

"Ɗan nan, ni karya ce da za ka sa min farin haƙori?"

Ya ce ai haka Turawa suke so. Ta ce to ya kai wa matar Bature Joji. Duk da haka ta tafi da shi, ta wuni uku tana dirza masa fure, tana tauna goro har muƙamuƙinta ya yi tsami. Ko ɗigo bai kama ba, don ƙyallin ya yi kyau fiye da kima. Ta dawo ta tsaya a ƙofar shago ta ce ya cire abinsa.

A nan Shu'ibu ya sauke girman kansa na Kano, ya gangara bakin kogi wajen Gana maginiyar tukwane, wadda tun dawowarsa bai gaishe ta ba. Ta sa ya tsuguna ya gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta nuna masa jar ƙasar da take shafa wa tulunanta. Ya niƙa ta lilis, ya gauraya da ruwan ƙyalli. Gashin farko ya fito kamar gawayi, na biyu kamar hanta. A na biyar, da ragowar kananzir ɗin ƙarshe, ya dace da jan, har da ɗan duhun nan na gindin dasashi.

Ranar Juma'a Inna ta rangaɗa guɗa a bikin gidan Sarkin Ruwa, baki a wangale. Mata suka yi ta leƙe, ba wadda ta iya nuna sabon. Shu'ibu ya share shago, ya goge kujera, ya zauna jira.

Ba wanda ya zo. Da yamma ya ji labari: Inna ta ce haƙorinta tsirowa ya yi, albarkacin rubutun da Malam Abdulwahid ya ba ta ta sha. Washegari masu giɓi da wawulo sun yi layi a ƙofar Malam, shi kuwa bai musa ba.

Shu'ibu ya shiga gida ransa a ɓace. Ya ce wa Inna kalma ɗaya daga bakinta za ta ceci shagonsa. Tana gyaran shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Kai ma kawo ka aka yi ɗakina kana ɗan wata biyu. Ka taɓa jin na ce wa wani ba ni na haife ka ba?"

 Shu'ibu ya zauna a gefen tabarmar, ya jawo faifan ya taya ta tsinta.