An Rubuta wa Magini Ciki Wata Biyar

Kwana tara ke nan da aka ɗebi jinin Magini a asibiti, saboda ƙafafunsa da suka kumbura har takalmi ya daina shigarsu. Da ya koma karɓar sakamako, ma'aikaciyar da ke bayan taga ta ce an daina ba da takarda, komai yana cikin manhajar waya.

Ƙanwarsa, malamar makaranta, ita ta sauke masa manhajar. Aka ce ya dangwala yatsa. Mutumin da ya shekara talatin yana kwaɓa siminti, ina ya ga zanen yatsa? Duk sun shafe sumul kamar bayan cokali. Ya gwada yatsu goman nan kaf, wayar ta ce ba ta san shi ba. Sai da suka ɓata yini guda kafin lambar sirri ta buɗe.

Ƙanwar ta karanta, ta dube shi, ta tuntsire da dariya.

"Yaya, barka! Ciki wata biyar, kuma yaro lafiya lau."

Ashe da lambar wayarsa aka buɗe wa matarsa katin awo, bayanan suka cakuɗe. Nasa sakamakon ko sama ko ƙasa.

Washegari ya bar katangar da yake ɗorawa, ya ja ƙafa ya koma asibiti ya bi layi har rana ta take.

"Baba, ba a nan ake gyarawa ba," in ji ma'aikaciyar, ko kai ba ta ɗago ba. "Shiga manhajar ka aika koke. Mako biyu."

"'Yar nan, abin da ya yi mini ciki shi zan kai wa ƙara? Dubi ƙafata!"

"Ni dai abin da kwamfuta ta nuna nake gani."

Ya zauna a benci yana huci, ya rantse ba inda za shi. Can wajen la'asar mai gwajin jinin ya fito zai tafi gida, ya gane shi, ya koma ya kwafo masa sakamakon a bayan wata tsohuwar ambulan ta wasiƙa. Magini ya kai wa likita, likitan ya duba minti biyu ya ce ƙoda lafiya, maganin hawan jininsa ne ke kawo kumburin, ya canja masa wani.

Ko da ya isa wurin aiki, mai ginin ya riga ya ba wani katangar.