Jakunkunan Baba Obadiah

"Talatin da ɗaya, talatin da biyu. Shi ke nan, Maman Kauthar, ya mutu. Ka kashe shi."

Hansatu ta fizge ɗankwalin da aka ɗaure mata ido da shi. Hannuwanta sharkaf da manja, a gabanta kuma ga turminta kwance a tsakar gida, shi ne wai cinyar ɗan sandan da aka harba.

"Turmi dai lafiyarsa lau, Baba," ta ce. "Zif ɗin jakar ne ke zame mini."

"To ka cire zif. Jini ya fi manja santsi."

Baba Obadiah Kure ke nan, maƙwabcinta ƙofa da ƙofa a gidan hayar da ke can saman tudun Mpape. Shekara talatin ya yi yana aikin jinya a cikin 'yan sanda kafin ya yi ritaya, kuma a bakinsa mace da namiji duk "ka" ne. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ya kwanta ya huta. Ina! Tun da aka mayar da autarsa Glory rundunar da ake turawa inda ake harbi, hutu ya ƙare a gidan. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, sai ya sa aka fito masa da kujera gindin kekenta na ɗinki, yana zaune da agogo a hannu yana ba da umarni.

Abin da yake so bai da yawa. Su goma sha biyu ne a rukunin su Glory, kayan tsayar da jininsu kuwa duk suna cikin babban akwati a mota. Shi so yake a raba kayan, kowa ya ɗaura 'yar jaka a ƙugunsa. Ogansu, Oga Nathan, ya ce zai zo ranar Alhamis ya gani da idonsa. In mutum ya buɗe jaka ya ɗaure rauni cikin daƙiƙa talatin ido a rufe, za su fita da jakunkunan ranar Asabar. In ya wuce haka, kaya su koma akwati, Glory ta fita kamar yadda ta saba.

Hansatu ta cire zif. Ta sa wani jan harshe na ƙyalle mai kauri a gefen dama, wanda in aka finciko shi jakar ke wangalewa gaba ɗaya. Da Baba ya gwada, ta buɗe fes, sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga nan aiki ya kankama. Ita tana taka keke, shi yana jera kaya a kan tabarma. Maɗaurin tsayar da jini, wanda yake kira tonike, shi ne a sama daf da jan harshen, don shi hannu zai fara tararwa. Ƙarƙashinsa ƙyallen da ake cusawa cikin rauni, sai bandeji, sai filastar rufe ramin ƙirji guda biyu, domin harsashi in ya shiga yakan fita. Almakashi a hagu, safar hannu a naɗe, da ɗan alƙalami na rubuta lokacin da aka ɗaure. Ta ce a ƙara maganin ciwon kai, ya harare ta.

"Ba kemis muke buɗewa ba. Kuma ka ji ni da kyau, duka sha biyun iri ɗaya. Same same."

Hansatu ta ce to, amma a ranta ta ce rigimar tsufa ce. Shekara ashirin da biyar tana ɗinki, ba ta taɓa yi wa mutum biyu riga ba tare da ta auna kowa ba. Glory kuwa a gabanta ta girma, ta san bahaguwa ce, da hagu take cin tuwo duk faɗan da aka sha yi mata. Ranar Laraba, da Baba ya shiga ɗaki shan magani, ta ɗauki jaka ɗaya ta juya ta. Harshe ya koma hagu, tonike ya bi shi, almakashi ya koma dama. Ta miƙa wa Glory ita hannu da hannu, tare da sauran da za ta kai wa abokan aikinta, tana jin daɗin kanta.

Ranar Alhamis tun da hantsi gidan ya cika. Mota ba ta hawa tudun, don haka a ƙafa suka hauro, baƙaƙen kaya, manyan takalma, suna haki. Matan gida suka bar wanki, masu shago suka leƙo ta katanga. Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta coci, ya ce a matso masa da kwanon manja.

Oga Nathan bai zauna ba. Ya dubi mutanensa da jakunkuna a ƙugu, ya nuna Glory.

"Ke, kwanta. An harbe ki a cinya. Sajan Israel, rufe ido."

Aka ɗaure wa Israel ido, ya tsoma hannu cikin manja, ya durƙusa. Baba ya ɗaga agogo. "Go."

Hannun Israel ya tafi dama kai tsaye, kamar yadda ya yi ta gwadawa a kan tasa jakar. Bai sami komai ba. Ya shafa, ya sake shafawa. Da ƙyar ya laluɓo harshen a ɗaya gefen, jaka ta buɗe, ya kai hannu inda tonike ya kamata ya kasance, sai ga almakashi. Baba yana ƙirgawa, muryarsa na raguwa. A arba'in da ɗaya ya sauke agogon. Daga can ƙasa ana jin ƙarar injin fasa dutse.

"Baba, mun gode da ƙoƙari," in ji Oga Nathan. "Ku kwance, a mayar da kaya mota."

Kunya ta rufe Hansatu, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma da ta ga fuskar Baba, sai tsoro ya fi kunyar yawa.

"Ranka ya daɗe, laifina ne," ta ce. "Ni na juya tata, don bahaguwa ce. Ka ba ni minti goma."

Baba ya juyo a hankali. Ta zaci zai yi faɗa, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Maman Kauthar, wanda aka harba ba shi zai buɗe jakarsa ba. Yana kwance. Hannun ɗan'uwansa ne zai zo, cikin ƙura, ba ya gani. Ba don hannun Glory muka ɗinka ba, don hannun Israel ne." Ya ja numfashi. "Ni ma laifina ne, ban faɗa maka dalili ba. Oga, zauna. Tsoho na roƙonka, zauna minti goma."

Oga Nathan ya dubi agogonsa, ya zauna a bakin turmi.

Hansatu ba ta san lokacin da ta isa keke ba. Reza a hannu, ta farke ɗinkin jiya, zare na tashi. Tana taka keke tana jin muryar Baba a bayanta, yana ba Oga labarin wani abokinsa James, da suka shiga aiki rana ɗaya. An harbe shi a cinya wata fita, taku arba'in tsakaninsa da mota. Baba ya ruga ya ɗauko akwati, ya dawo, ya tarar jinin ya riga ya ƙare.

"Na ƙirga takun daga baya," ya ce. "Arba'in zuwa, arba'in dawowa. Har yau ina ƙirgawa."

Allura ta soki yatsanta, ba ta tsaya ba. Ta cije zare, ta jera kayan yadda Baba ya koya mata, ta ruga ta ɗaura wa Glory da kanta.

Aka sake rufe wa Israel ido. Baba ya ƙara masa manja da hannunsa. "Go."

Harshe ya zo hannunsa a karon farko. Jaka ta wangale, tonike ya fito, ya zura shi a cinyar Glory, ya ja, ya murɗa 'yar sandar da ke jikinsa, ya sake murɗawa. Glory ta yi ƙara da gaske, ta ce ya isa haka, mugu kawai.

"Sha tara," in ji Baba.

Gida ya kaure. Wata ta rangaɗa guɗa, masu shago na dukan katanga, 'yan sanda suka ɗaga Israel sama da ɗankwalin Hansatu a fuskarsa. Oga Nathan ya sa aka gwada mutum uku a jere, ba wanda ya kai ashirin da biyar. Ya miƙe, ya ƙame a gaban kujerar tsohon, ya sara masa.

"Ranar Asabar kowa da tasa, Baba."

Baba ya so ya miƙe ya rama, ƙafafu suka ƙi. Daga zaune ya ɗaga hannu, manja na gangarowa cikin hannun rigar cocinsa, yana dariya har ana ganin giɓinsa.

Glory ta raka su gangare wurin mota. Maƙwabta suka watse suna ta mayar da zance. Hansatu na tattara guntayen ƙyalle, Baba ya kira ta.

"Maman Kauthar, nawa na ce ma?"

"Sha tara, Baba."

"Sha tara." Ya jingina kansa. "Yau zan sha kunun nan naka. Ka sa tsamiya da yawa."

Rabonsa da neman abinci da bakinsa ya fi mako, don haka da murna ta shiga ɗaki. Ta dama, ta fifita, ta fito da kofi tana ce masa ya yi hankali da zafi. Yana nan yadda ta bar shi, kai a jingine, agogo a cinya. Ta kira shi sau biyu. Ta ajiye kofin, ta taɓa wuyansa inda shi da kansa ya nuna mata ake taɓawa, ta daɗe tana jira. Sannan ta yi salati, ta rufe masa ido, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa tana kuka. Shekara goma sha biyar suna gaisawa kowace safiya, kuma ta so shi kamar uban da ya haife ta. Daga gangare tana jin muryar Glory tana haurowa, tana waƙar coci.

Ranar Asabar da safe, kafin su wuce, su goma sha ɗaya suka hauro yi wa Glory gaisuwa. Suka jeru a tsakar gida, huluna a hannu. Hansatu na tsaye bakin ƙofarta, idonta ya bi ƙugunsu ɗaya bayan ɗaya. Jan harshe a dama, a dama, a dama, har ƙarshen layi.

Ta goma sha biyun, ta Glory, tana rataye a kujerar Baba. A hannun kujerar akwai shatin yatsu huɗu na manja, har yanzu ba wanda ya goge.