Na Ukun Bai Fito Ba

Kaka ta yaye 'ya'ya bakwai, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka. Duk bakwai ɗin da cokali ta ciyar da su, ta matse kumatu ta ɗura, ga su nan sun zama garada masu gemu. Sai ga matar autanta, malamar firamare, ta zo da sabon salo, wai a asibiti aka koya mata. A ɗora jikan Kaka ɗan wata bakwai a doguwar kujera mai faranti a gaba, a ajiye masa dafaffen karas dogo-dogo kamar yatsan babba, a koma gefe a zuba ido. Shi zai ɗauka, shi zai kai baki, rabi kuma ya shafe a gashin kai.

"Yaron da ko haƙori ɗaya babu?" in ji Kaka. "Ku ba angona gungume ya haɗiya? Takaba kuke so ku sa ni?"

Malama ta yi dariyar ladabi. "Mama, dogon ya fi aminci. Riƙewa yake yi yana dasa dasashi. Ƙananan ne ke zarcewa. In kika ga ya yi ja yana kakari yana tari, ki bar shi, fitar da shi yake yi. Don Allah kada ki sa masa yatsa a baki, ciki za ki tura."

Kaka ta ce to, irin to ɗin da manya ke cewa idan yaro ya zo koya musu tafiya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne maganar da ta jiyo ta bayan ƙofa, autan nata yana ce wa matarsa, in Mama ba za ta iya bin tsarin ba, akwai gidan raino kusa da makaranta. Ita da ta goya bakwai, yau ita ake yi wa gwaji.

Ranar Laraba Malama ta makara. Ta fita da jaka a kafaɗa da littattafan yara a hammata, tana cewa ga karas nan a firij, a dafa shi har sai ya lugwiguice a tsakanin yatsu biyu. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar fanka da Ango yana buga cokalin roba a farantinsa.

Kaka ta dafa, amma ba ta bari ya lugwiguice ba, don a saninta karas ɗin da ya narke a tukunya ya bar amfaninsa a ruwa. Ta yanka shi dogo kamar yadda aka ce, ta tsaya tana kallonsa. Ta dubi bakin yaron, ɗan mitsitsi, ta sake duban karas ɗin. Zuciyarta ta ƙi. Wallahi ba mugunta ba ce, tsoro ne da ƙauna suka sa ta sake ɗaukar wuƙa, ta yayyanka shi ƙanana kamar ƙwayar masara.

Ango ya kai hannu, ya kasa tsinta. Yatsunsa ba su kai ga wannan ba tukuna, sai ture su yake yi yana ƙunƙuni.

"Yi haƙuri, maigida, matarka na nan," in ji ta. Ta tsinci guda uku ta sa masa a baki.

Ya juya su a kan harshe. Sai fuskarsa ta yi ja, ya turo harshe waje, ya yi kakari mai ƙarfi, idanu sun kawo ruwa. Kaka ta ji muryar Malama a kunnenta sarai. Amma hannun da ya shekara arba'in yana zaro tsakuwa da maɓalli daga bakin yara ba ya jiran shawara. Kafin ta yi tunani yatsanta yana ciki, yana lalube.

Kakarin ya tsaya. Bakinsa a buɗe, babu tari, babu kuka, ƙirjinsa na motsi ba abin da ke shiga. Jan fuskar ya fara komawa wani launi da ba ta son tunawa.

Ta fizge shi daga kujerar, ta kifa shi a cinyarta kai ƙasa, ta dinga bugun bayansa tana salati. A bugu na huɗu ya tsala ihu. Ba ta taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Ta rungume shi tana cewa na tuba, na tuba.

Da ya lafa ta durƙusa ta duba ƙasa. Ga guda ɗaya kusa da ƙafar kujera, ga wani a zanenta. Ta ɗaga tabarma, ta kakkaɓe rigarsa, ta duba wuyansa. Ta ce wa kanta ai ya haɗiye na ukun, ciki ya tafi, gobe za a gan shi a kunzugu. Ta share ɗakin tas, ta zubar da sauran a can ƙasan kwandon shara.

Yaron ya yi wasa, har dariya ya yi mata. Sai da ya yi barci a bayanta ta fara ji: duk numfashin da ya ja, wani siririn fito na biyo shi, kamar iska ta ramin makulli. Ta kashe fanka don ta tabbatar. Yana nan. Ta sauke shi ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ji ta ɓangare ɗaya yake fitowa.

Ƙarfe biyu Malama ta dawo. Ta ga kujera a goge, faranti a wanke, fuskarta ta washe.

"Ya ci, Mama?"

"Ya ci."

"Kin gani ko? Na faɗa wa babansa ke ce za ki fi kowa iyawa. Allah ya bar mana ke."

Ta ɗauki yaron ta sa shi a nono. Ya ja sau biyu ya saki, ya yi wani busasshen tari, ya sake kamawa ya sake saki. Malama ta taɓa goshinsa.

"Mura ce ke son kama shi. Fankar nan ce. Bari ya kwanta, zuwa gobe mu gani."

Ga hanya a buɗe, surukar da kanta ta buɗe ta. In Kaka ta yi shiru kawai, ya zama mura, gobe ma a bar mata angonta. Ta dubi ɗan ƙirjin yana hawa yana sauka. Gobe ta yi nisa.

"Ba mura ba ce, 'yar nan. Tashi mu je asibiti."

Malama ta ɗago kai.

"Ƙanana na yanka. Ni na sa masa a baki, guda uku. Ya yi kakari na sa yatsa. Biyu suka fito."

Malama ba ta yi ihu ba. Ta kara kunne a ƙirjin ɗanta, ta saurara, ta miƙe da shi a kafaɗa ta nufi ƙofa. Takalminta mai igiya ne, ta sunkuya tana kokawa da shi da hannu ɗaya.

"Kawo shi in riƙe miki," in ji Kaka, ta miƙa hannu biyu.

Malama ta juya kafaɗar da yaron yake kai zuwa bango. Ta bar takalmin a nan, ta fita ƙafa ba takalmi.